Watan Antesteriyon: randa, tulu da tukunya

Kakata, Allah ya jiƙanta da rahama, tunda nake da ita ban taɓa jin kalmar Muharram a bakinta ba. Watan cika-ciki take cewa. Rajab azumin tsofaffi, Sha'aban sha ruwan tsofaffi, Rabi'ul Awwal watan takutaha, in aka shiga Zulƙida kuma tace ai watan bawa ne babu komai cikinsa sai jiran babbar sallah. Wata rana ina yaro na dawo daga islamiyya da sabuwar haddar sunayen watanni, na tsaya kanta a bakin murhu tana tuƙin tuwo na dinga jero mata su, bata katse ni ba har na kai Zulhajji, sannan ta jingine muciya tace "to maigidan, duk naji, amma a cikinsu wanne ne ake dafa wutsiyar rago?" Ita a wajenta wata ba lamba bane, abin da ake yi a cikinsa shine sunansa.

Ita ta faɗo min a rai kwanakin nan da na zauna karatu kan yadda mutanen Atina na da, can ƙasar Girka, suke ƙirga watanninsu, dan wallahi hanya ɗaya suka bi da ita. Watanninsu 12 kusan duk daga wani biki na addininsu suka samo suna. Wanda ya fi riƙe ni shine na 8, Antesteriyon, wanda yake faɗowa wajen rabin Fabrairu zuwa rabin Maris a lissafin yanzu. In ka duba shi sama-sama za a ce maka ai watan furanni ne, dan antos a yarensu fure ake nufi, sai ka ɗauka yanayin gari aka kalla aka raɗa masa suna. To ba haka bane. Akwai biki na kwana uku da ake kira Antesteriya, daga 11 zuwa 13 ga wata, daga bikin watan ya ɗauki suna, kuma bikin nan in ka leƙa cikinsa zaka tarar furen kaɗan ne, giya da fatalwa su suka cika shi.

Sai na fara gyara mana maganar yanayi dan kar mu ruɗe. Watan nan a farkon bazararsu yake faɗowa, amma mu in akace bazara zafi muke ji, zufa da jiran hadari. Su kuwa ruwansu a lokacin sanyi yake sauka, rani kuma ƙurmus babu ɗigo, kenan alkama da sha'ir wajen Oktoba da Nuwamba suke shukawa su girbe wajen Mayu da Yuni. To wannan watan lokaci ne da sanyi ya fara sassautawa, ƙasa ta sha ruwa ta yi kore shar, furanni sun fara leƙowa, amma hatsi bai nuna ba, rumbu ya fara yin ƙasa. Inabi kuma tun wajen Satumba aka tsinke aka matse aka zuba a manyan randuna aka liƙe bakinsu, yana nan yana tsima wata da watanni ba wanda ya taɓa.

Lissafinsu na ganin wata ne kaman namu, wata kwana 29 ko 30, shekara kwana 354, har yini ma daga faɗuwar rana yake farawa kaman yadda daren Juma'a yake riga yininta a wajenmu. Inda muka rabu shine su basa barin watan ya zaga. Mu azumi ya riske mu da sanyi ya riske mu da zafi, duk shekara yana matsowa da kwana 11 ko kusa da haka, Rabi'ul Awwal ma da sunansa a larabci yake nuna lokacin tsiro yanzu ba ruwansa da tsiro. Su kuwa tunda bikin buɗe randa dole sai giya ta tsima, bikin girbi dole sai hatsi ya nuna, sai suke cusa wata na 13 bayan shekara biyu ko uku, yawanci watan Fosidiyon na tsakiyar sanyi ake maimaitawa. A shekara ta 432 kafin Miladiyya wani masanin taurari ɗan Atina mai suna Meton ya nuna cewa shekara 19 ta rana daidai take da wata 235, kenan wata 7 za a ƙara cikin kowace shekara 19. Amma mahukunta basu cika bin wannan sak ba, su ƙara kwana su rage yadda ya musu, har mai wasan barkwanci Aristofanis a shekara ta 423 kafin Miladiyya ya sa aka isar da ƙorafin farin wata a dandali wai allolinsu na zuwa cin abincin biki su tarar an canza rana su koma da yunwa. Iskandar na Makidoniya ma a shekara ta 334 kafin Miladiyya, da zai gwabza da Farisawa a kogin Giranikos, aka ce masa watan Daisiyos ne sarakunansu basa fita yaƙi a cikinsa, sai yace to a kira shi Artemisiyos na biyu. Da na karanta wannan sai na ƙara gane hikimar hana jinkirta watanni da ya zo a suratu Tauba, dan duk ranar da lissafin wata ya koma hannun mai mulki to ya zama abin wasa.

Mu koma kan kwana ukun. Abin da ya burge ni shine duk sunayensu na kayan yumɓu ne, irin wanda duk ɗan Hausa ya tashi ya gani a tsakar gida. Ranar farko Fitoyigiya, buɗe randuna. Ta biyu Kowes, tuluna. Ta uku Kutroi, tukwane.

Ranar 11 ake fasa liƙin randa. Manoma su ɗauko sabuwar giya su nufi wajen bautar Diyonisos, abin bautarsu na inabi, wani tsohon wuri da ake ce wa na cikin fadama. Ba wanda zai kai baki sai an fara tsiyaya wa Diyonisos nasa, a sirka da ruwa, dan su a al'adarsu shan giya tsagwaronta aikin baƙauye ne. Fulutak, marubucin da ya rayu wajen shekara ta 100 Miladiyya, yace addu'a suke wai wannan maganin kar ya cutar dasu ya zame musu alheri. Magani fa suka kira ta, kuma kalmar a yarensu tana ɗaukar ma'anar guba. Kunga ko masu bauta mata sun san halinta. A ranar bayi da 'yan ƙodago duk ana basu su sha, ba a hana kowa.

Rana ta biyu ce mai ban al'ajabi. Gari ya cika da hayaniya, samari a kan amalanke suna zagaya titi suna jifan mutane da baƙar magana da habaici, amma kuma ita wannan ranar suna ɗaukarta ranar ƙazanta, dan sun yarda a kwanakin nan kurwar matattu na fitowa daga ƙasa tana yawo cikin gari. Tun da asuba mutum zai samu ganyen wani itacen ƙaya da suke kira ramnos ya tauna, a shafe ƙofar gida da baƙin danƙo mai kama da kwalta dan kar wani abu ya shigo. Duk ɗakunan bauta na birni a rufe a zagaye su da igiya. Guda ɗaya tak ake buɗewa, na Diyonisos na cikin fadama, kuma shi a duk shekara ranar 12 ga Antesteriyon kaɗai yake ganin buɗi. Af, wannan ramnos ɗin, masana tsirrai daga sunansa suka ɗauko sunan dangin itatuwan da magaryarmu take ciki, na daɗe ina juya wannan a raina tunda mu ma da ganyen magarya muke wa mamaci wanka.

Sai gasar sha. Ku da kuka san yadda ake cin abinci a gidajenmu, kwano ɗaya hannu goma, to Girkawa ma a shan su haka suke, babban kasko ɗaya ake sirka giyar kowa a ɗebo masa, ana hira ana waƙa. Amma ranar tuluna kowa da tulunsa ya zo daga gida, tulun yana cin lita 3 da 'yar ɗoriya, kowa da teburinsa, kuma babu mai cewa uffan. A busa kakaki, kowa ya kafa kai, wanda ya riga shanyewa a bashi kyauta, wani lokaci salkar giya wani lokaci waina. Ku hango ɗaruruwan maza a zaune kowa shi kaɗai yana kwankwaɗa shiru kaman gidan makoki. Ni dai da na hango abin jikina sai da yayi sanyi.

Su da kansu sun san abin baƙo ne, shi yasa suke da labarin da suke bayarwa. Wai Orestes, wanda ya kashe uwarsa dan ɗaukar fansar ubansa, ya iso Atina ana tsaka da biki da alhakin jini a kansa. Sarkin garin ya rasa yadda zai yi, baƙo ne ba a kora, amma kuma wa zai haɗa kofi da wanda ya kashe uwarsa, wa zai masa magana, wa zai barshi ya taka wajen bauta. Sai yace a rufe ɗakunan bauta, kowa a bashi tulunsa daban, kowa yayi shiru, dan baƙon ya sha ba tare da ya gane shi ake ƙyama ba. Tatsuniya ce, amma wallahi akwai kunya da kara a cikinta irin wadda muka sani, gari guda ya ɗauki wahala dan kar a tozarta mutum ɗaya kuma kar a yi tarayya da laifinsa. In an gama kowa ya cire rawanin ganyen da ke kansa ya rataya a wuyan tulunsa, a ɗunguma zuwa fadama a miƙa wa matar da ke kula da wajen, a tsiyaye ɗan abin da ya rage.

Akwai kuma wani sha'ani na ɓoye da yawancin masana suka ɗora a wannan daren. Atina a lokacin ba sarki gareta ba, amma duk shekara ana fitar da mutum ɗaya ta hanyar ƙuri'a a bashi sunan sarki dan ya riƙe tsoffin ayyukan addini. Matarsa ita ake ɗaura wa aure da Diyonisos. Sharaɗi ne ta zama 'yar asalin gari kuma budurwa ya aureta, dokar a rubuce take jikin dutse a cikin wajen bautar, tsofaffin mata 14 ke taya ta bayan ta rantsar dasu, sannan a kaita wani gini da ake kira Bukoliyon. Mun san wannan ne saboda wata shari'a da akayi wajen shekara ta 340 da wani abu kafin Miladiyya, inda aka zargi wata mata da cewa 'yarta ta hau wannan matsayi alhali ba 'yar gari bace, mai ƙara ya dinga nanata girman abin a gaban alƙalai.

Amma duk cikin bikin ba abin da ya taɓa ni kaman maganar yara. Yaron da ya shiga shekara ta uku, a ranar ake sa masa rawanin furanni a bashi ɗan mitsitsin tulunsa, kenan ya fita daga jarirai an ƙirga shi cikin mutane. A zamanin da yara ke mutuwa kaman me, kaiwa shekara uku ba ƙaramin abu bane, iyayenmu da suka ga zamanin ƙyanda da agana sun san wannan. Ɗaruruwan tulunan nan suna nan har yau a gidajen tarihi, yawancinsu na wajen shekara ta 425 zuwa 375 kafin Miladiyya ne. Na zauna da hoton ɗaya a wayata na buɗe shi sosai, tsawonsa bai kai tafin hannu ba, baƙi ne wuluk, a jiki an zana yaro ɓulɓul tsirara yana rarrafe ya miƙa hannu zai kamo ɗan tulu, an saƙala masa zare daga kafaɗa zuwa ƙugu da layu a jere, sak yadda ake ɗaura wa yaran ƙauye a da. Wasu an zana yaro yana jan 'yar motar wasa mai ƙafa ɗaya, wasu da ɗan kwikwiyo. To da yawa cikin tulunan nan a kabarin yara aka tono su. Akwai ma dutsen kabarin wani yaro na zamanin Rumawa da aka rubuta cewa ya kai shekarun bikin tuluna amma ajali ya riga bikin zuwa. Na ajiye wayar na jima ban ɗauka ba. Addininsu ba namu bane, bautar gumaka ce ƙarara kuma Allah ya tsare mu da ita, amma uwar da ta sayi tulun nan ta sa a ramin ɗanta zafin da taji irin na kowace uwa ne.

Rana ta uku babu shagali. A samu tukunya a zuba hatsi kala-kala, alkama, sha'ir, wake, duk irin da ke gida, a dafa su tare da zuma, a ajiye wa Hamis, wanda a imaninsu shi ke raka kurwa zuwa ƙarƙashin ƙasa, sadaka ce ga matattu kuma ruwaya tace ba a ɗanɗanawa. Labarin da suke dangantawa da ita na ambaliya ne, wai zamanin wani Dukaliyon ruwa ya cinye duniya, 'yan tsirarun da suka tsira suka tattara ɗan abin da ya rage musu suka dafa a tukunya ɗaya suka tuna waɗanda ruwa ya ci. Duk musulmi zai ji ƙamshin ƙissar Annabi Nuhu alaihis salam a ciki, amma nasu ne suka saƙa da sunayensu da allolinsu, kar a cakuɗa. Har a ƙarni na 2 Miladiyya matafiyi Fausaniyas ya ga wata tsaga a ƙasa kusa da babban ɗakin bautar Ziyus, shugaban allolinsu, a Atina, mutanen gari suka ce masa ta nan ruwan ya zurare, kuma duk shekara suna jefa garin alkama da aka kwaɓa da zuma a ciki. Fulutak ma da yake bada labarin yadda janar ɗin Rumawa Sulla ya ci Atina ranar 1 ga Maris na shekara ta 86 kafin Miladiyya ya zubar da jini ba kaɗan ba, sai da ya tsaya ya lura cewa abin ya faɗo a farkon Antesteriyon, watan da suke tuna halakar ambaliya.

In yamma tayi sai a yi shela, ku fita waje, Antesteriya ta ƙare. Masana sun rabu kan kalmar da ake kiran waɗanda ake kora, wasu sunce Keres ne wato kurwoyi, wasu sunce Kares ne wato bayi 'yan ƙasar Kariya, can cikin Turkiyya ta yau, da aka sake su suka sha kwana uku yanzu a koma aiki. Ni na fi karkata ga kurwoyi, dan ita ce ta dace da kwaltar ƙofa da tukunyar da ba a ci. An karɓi baƙi, an ciyar dasu, an sallame su.

Na tambayi kaina me ya haɗa fure da giya da gawa a biki ɗaya, kuma inaga amsar a ƙasa take. Randunan nan rabinsu a binne suke cikin ƙasa, iri a ƙasa yake, mamaci a ƙasa yake, har akwai zamanin da Girkawa suke sa gawa a cikin irin wannan randar su binne. Manomin da ya ga ƙasa ta tsage tsiro ya fito, ya buɗe bakin randa ƙamshi ya taso, a tunaninsa ƙofa ce ta buɗe, kuma ƙofa in ta buɗe ba ka da zaɓin wanda zai fito ta cikinta. Shi yasa murna da fargaba suka zo masa tare.

Tsufan abin ma abin dubawa ne. Tusididis, masanin tarihin Atina na ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya kira shi bikin Diyonisos mafi daɗewa, yace Girkawan Ayoniya da suka samo asali daga Atina har a zamaninsa suna yi. Kuma lallai garuruwa irin su Miletos da Afisa, can gaɓar Turkiyya ta yau, suna da wata mai wannan suna a kalandarsu duk da kowane birni da nasa lissafin yake. Tunda ƙaurar nan wajen shekara 1000 kafin Miladiyya akayi ta, kenan da sunan watan suka tsallaka teku. Da can turawa masana suna cewa Diyonisos baƙon abin bauta ne da ya shigo Girka daga baya, sai a 1952 Michael Ventris ya warware wani tsohon rubutu na allunan yumɓu, aka ga sunan a allunan da aka tono a garin Filos na Girka, na wajen shekara ta 1200 kafin Miladiyya.

Suna kuma yana daɗewa fiye da bikin da ya haife shi. Watan da ke bin wannan shine Elafeboliyon, daga laƙabin abar bautarsu ta farauta, Artemis mai harbin barewa, ana mata waina da siffar barewa da gari da zuma da riɗi. A zamanin da Atina ke tashe babban abin da ke cikin watan shine gasar wasan kwaikwayo da baƙi ke zuwa kallo daga ko'ina, bikin barewar ya dushe har da ƙyar ake jin labarinsa, amma ba wanda ya canza wa watan suna. Kaman dai yadda yaro a Kano zai ce maka watan takutaha ko da bai taɓa hawa Dala ba.

Yau in ka je Atina watan nan Fabrairu da Maris ake ce masa da lafazinsu, sunayen Rumawa kaman yadda muma muka ara, mutanen kuma kiristoci ne 'yan ɗariƙar Otodoks. Amma a 'yan makonnin da ke gaban babban azuminsu, wanda yawanci a wannan tsakanin yake faɗowa, suna da ranakun Asabar da suke kira Asabar ɗin rayuka. Mata su dafa alkama tsabarta, su barbaɗa sukari da zabibi da 'ya'yan rumman, su ɗauka a faranti zuwa coci da maƙabarta tare da takardar da suka rubuta sunayen mamatansu, a karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya, sannan a raba wa duk wanda ke wajen ya ci.